Ranar da Bindigar Baba Ta Ƙi Tashi

Ni ne na ɓata bindigar surukina, ba matarsa ba. Na gane haka tun ciyawa ba ta tsiro a kan kabarinsa ba, amma na yi shiru, na bari aka ɗora wa tsohuwar nan laifin da ba nata ba. Ta ɗauke shi har shekara ta zagayo, ni kuwa ina ci, ina sha, ina zuwa coci da farar riga. Ban yi daidai ba. Yanzu furfura ta cika mini kai, jikokina suna kallona kamar wanda bai taɓa cutar da kowa ba, shi ya sa na ga gara in rubuta abin yadda ya faru.

A shekarar da sojoji suka mayar wa farar hula mulki karon farko ne. Ko'ina ka juya a Kaduna maganar zaɓe ake yi, kowace kwana da tutar jam'iyya. Lokacin ni makanike ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, ina haya a Makera tare da matata da 'yarmu ta fari. Karatuna bai wuce firamare ba, amma hannuna ya san ƙarfe, kuma ina ji da kaina a kan haka. A masaƙa abin da aka koya mana shi ne, duk abin da yake motsi a cika shi da girisi, duk abin da yake da zare a ɗaure shi tam. In mun kwance inji, a tire ɗaya muke zuba sukurorinsa, don kowanne ka ɗauka zai shiga ramin ɗan'uwansa. Na ɗauka duk ƙarfen duniya haka yake.

Surukina, wanda nake kira Baba, tsohon ma'aikacin reluwe ne daga kudancin jihar. Da ya bar aiki sai ya gina gidan ƙasa mai rufin kwano a Romi. Romin wancan lokaci gonaki ne da daji, in ka tsaya a bayan gidan sai ka ji kukan fakara. 'Ya'yansa duk mata ne, matata ce babbarsu. Matarsa, Mama, tana ɗinki da keke, matan unguwa suna kawo mata zannuwa da rigunan yara.

Baba yana da bindiga mai baki ɗaya, irin wadda ake karyawa a tsakiya a sa harsashi. Wani Baturen reluwe ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Katakonta ya yi baƙi da zufar hannu. Da ita yake korar birai daga masara, yakan kuma kawo zabon daji ranar Asabar. Dattijo ne a coci, amma akwai al'adu biyu na garinsu da muka san ba a wasa da su a gidan. Ba a rufe maharbi da ƙasa sai an harba bindigarsa a kan kabarin, don daji ya ji cewa mai shi ya kwanta. Sannan mace ba ta taɓa bindigar maharbi; suna cewa in ta taɓa, bindigar ta mutu, ba za ta ƙara tashi ba. Ya sha faɗa mana cewa a gonarsa za a binne shi, kuma bindigarsa ce za ta yi masa sallama.

Da damina ta yi nisa ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Wata Asabar na je gaishe shi, na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Injiniya, shigo mana," in ji shi. Haka yake kirana in yana so ya zolaye ni. "Ko kana tsoron tarina ya tsinka maka zare?"

"Baba, yaya jikin?"

"Jiki ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. Ɗauko mini waccan."

Ya nuna bindigar da haɓa, tana rataye a ƙusa sama da gadonsa. Ya ce damina ta sa mata tsatsa, shi kuma hannunsa ba ya riƙe komai yanzu. Yana so in wanke ta, kada ta ba shi kunya ranar da za a neme ta. Na ce Baba ya daina irin wannan magana. Ya ce ni in daina tawa in saurara.

"Ka shimfiɗa tabarma. Duk abin da ka cire ka ajiye a jere, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe, yadda za ka san wurin kowanne. Ka wanke da kananzir. Mai kuwa, na keken Mamanku za ka sa, ka tsoma gashin kaza ka shafa. Shafawa na ce, ba zubawa ba. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

Ban ji ba. A raina cewa nake, mutumin da yake kwance injin da ya fi ɗaki girma ne za a koya wa gashin kaza? Washegari bayan coci na dawo da kayan aikina da gwangwanin madara cike da baƙin girisin masaƙa. Na zauna a gindin mangwaro a bayan gida, inda ba zai hango ni ba. Na kwance ta kaf, na watsa komai a cikin tsohon kwano. Cikinta ba wani abu mai yawa ba ne. Akwai kunama, wadda ake ja da yatsa. Akwai guduma, ɗan ƙarfen da ake ɗanawa da babban yatsa. Akwai allura, wadda gudumar take duka, ita kuma ta soki gindin harsashi ya tashi. Sai sifirin, wanda yake ba gudumar ƙarfin duka, da 'yan sukurori. Na wanke su fes, na goge da tarkacen auduga irin wanda muke goge hannu da shi a wurin aiki, sannan na shiga cusa girisi da yatsa a duk ramin da na gani.

Ina cikin haka Mama ta zo wucewa da bokitin ruwa. Ta tsaya. Ta dubi kwanon, ta dubi gwangwanin, ta daɗe tana kallo.

"Ɗana, ga man keke can a kan taga," ta ce a hankali.

"Mama, ki bar wa maza aikinsu," na ce ina dariya. "Kada ma ki matso, kar Baba ya ce kin kashe masa ita."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Na haɗa bindigar, na ɗaure kowane sukuru har sai da ya ƙi gaba, na goge bututun yana ƙyalli, na kai wa Baba. Ya ce in karya ya ga babu komai a ciki, sannan in ɗana in ja. Na yi. Ya rufe ido.

"Sake."

Na sake.

"Muryarta ta dushe," in ji shi. "Da can ƙyas take cewa. Yanzu kamar an jefa dutse a laka."

"Ƙoshi ta yi da mai, Baba. Inji in ya sha mai ba ya hayaniya."

Ya buɗe ido ya dube ni, na ga yana so ya ce in miƙo ya duba, sai tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ba shi da sauran ƙarfin gardama. "Ku mutanen masaƙa," ya ce kawai, ya yi murmushi. Na rataye ta a ƙusarta. Harsasai suna nan a akwati, gona tana bayan gida, amma ban gwada ba. Gani nake in na gwada kamar ina shakkar aikina ne.

Baba ya rasu ƙarshen damina, jim kaɗan bayan bikin miƙa mulki. Na tuna rediyo yana ta kaɗe-kaɗe a maƙwabta, sai da aka je aka roƙe su suka rage. Danginsa suka zo daga ƙauye, ƙaninsa ne a gaba, wanda muke kira Baba Ƙarami. Shi ma maharbi ne, gajere, mai kaifin baki. Aka haƙa kabari a gefen gonar masara. Matan zumuntar coci suka yi waƙoƙi, fasto ya yi addu'a, aka saukar da akwatin. Sannan fasto ya ja da baya yana kallon takalminsa, don ya san abin da ya rage ba nasa ba ne.

Baba Ƙarami ya karɓi bindigar, ya sa harsashi, ya ɗaga bakinta sama. Mata suka toshe kunne. Ya ja.

Ɗaf. Abin da muka ji ke nan.

Ya karya, ya jefar da harsashin, ya sa wani. Ɗaf. Ya sake sa wani, haka dai. Wurin ya yi tsit har ana jin ganyen masara yana motsi. Ni kuwa maganar dutse a laka ta dawo mini.

"Wa ya taɓa bindigar nan?" in ji Baba Ƙarami. Bai ko ɗaga murya ba.

Wata gwaggon matata ta ce ita dai ta gani da idonta: da safen rasuwar, da za a gyara ɗaki a wanke gawa, Mama ta sauke bindigar daga ƙusa, har ta goge ta da bakin zaninta. Duk ido ya koma kan Mama. Tana tsaye cikin baƙaƙen kaya, 'ya'yanta suna riƙe da ita. Ba ta musa ba.

"Duk zamanki a gidan yayana ba ki san wannan ba?" in ji Baba Ƙarami. "Ba ki haifa masa wanda zai gaje ta ba, kuma kin kashe ta? Kin rufe masa baki ranar tafiyarsa."

Sai wani dattijo daga cikinsu, Allah ya saka masa da alheri, ya ce a dakata. Ya juyo gare ni. "Surukinmu, an ce kai ka wanke ta kwanan baya. Lafiya ka bar ta?"

Ga jama'a, ga dangin matata da na sha wahala kafin su ba ni 'yarsu, ga abokan aikina da suka rako ni.

"Lafiya lau na bar ta," na ce. "A gaban Baba na gwada, shi da kansa ya ji."

Haka aka rufe Baba ba tare da ƙarar bindigarsa ba. Da aka zo zuba ƙasar bankwana kowa ya ɗiba ya zuba, har ni. Mama ta miƙa hannu, gwaggon ta riƙe mata shi. Fasto ya fara magana, ba wanda ya saurare shi. Kafin a watse na sunkuya kamar ina gyara takalmi, na tsinci ɗaya daga cikin harsasan da aka jefar, na sa a aljihu.

Da aka yi zaman dangi sai suka yanke cewa Mama ba za ta zauna a gidan ba. Ɗan Baba Ƙarami, wanda dama yake neman aiki a Kaduna, shi zai shiga da iyalinsa. Mama ta ɗauki kekenta da akwatinta ta koma Mahuta, ɗaki ɗaya a bayan gidan ƙaninta. Bindigar kuwa ba wanda ya yarda ya kwana da ita a ɗaki. Baba Ƙarami ya miƙo mini. "Kai mai son ƙarfe, ungo. Ka kai wa maƙera su yi fartanya da ita."

Lahadin da ta biyo baya matata ta tafi Mahuta, aka bar ni ni kaɗai. Na rufe ƙofa, na buɗe taga don haske. Sai a ranar na shimfiɗa tabarmar da Baba ya ce.

Da harsashin na fara, don raina yana so laifin ya zama nasa. Na ce watakila sanyin damina ya shige shi. A gindin kowane harsashi akwai ɗan ido na jan ƙarfe, nan allura take soka. Na duba na aljihuna. Akwai alamar suka, amma 'yar ƙanƙanuwa, kamar an danna da farce. A cikin buhun da aka naɗo bindigar akwai tsofaffin kwanson harsasai da Baba ya harba a baya. Na jera su. Kowanne raminsa da zurfi, tsaf a tsakiya. Harsashi ba shi da laifi, dukan ne bai kai ba.

Na ce to, sifirin ne ya gaji, bindigar ai ta girme ni. Wannan ma zai wanke ni, tsufa ba laifin kowa ba ne. Na ɗana gudumar da babban yatsa, na ji taurinta yana nan, sai da na sa ƙarfi. Sifirin da ya mutu ba ya haka.

Sai na tuna wata dabara da na taɓa ganin Baba ya yi. Na tabbatar babu komai a ciki, na sami siririn kara miƙaƙƙe, na zura shi ta baki har ya zauna a kan allurar, na ɗaga bakin sama na ja kunama. In allura tana fitowa da ƙarfinta, karan zai yi tsalle. A hannun Baba har rufin ɗaki yake kaiwa. A hannuna ɗan motsi kawai ya yi.

Na kwance ta, wannan karon a jere. Da na zo kan allurar sai ta ƙi fitowa, sai da na tura ta da ƙusa. Ta fito da wani baƙin abu a jikinta, dunƙule, mai danƙo kamar ƙaro. Na murza a yatsa. Girisina ne, ya haɗu da zaren audugar da na yi goge da ita da sauran tsatsa, ya daskare a cikin ramin da da kaɗan ya fi tsinken tsintsiya faɗi. A masaƙa inji yana gudu kullum, zafi ba ya barin girisi ya kwanta. Bindiga kuwa rataye take a bango.

Na wanke da kananzir, na mayar, na sake gwajin kara. Ya yi tsalle amma bai kai ba, muryar kuma har yanzu da saura. Na zauna ina ɗanawa ina sakewa a hankali, kunnena a jikin ƙarfen, sai na ji gudumar tana gogar wani abu a hanya. Na sake cire ta na kai bakin taga. A gefenta ga sabon tabo, fari fat, a ƙarfen da ko'ina ya yi baƙi da tsufa. Na bi inda tabon ya nuna, na iske bakin wani sukuru ya leƙo ciki. Na kwance shi, na kwance ɗan'uwansa na gaba, na tsayar da su a tafin hannuna. Kansu ɗaya, zarensu ɗaya, amma ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo da kamar ƙwayar dawa. Ashe dogon na sa a ramin gajeren, kuma na yi masa ɗaurin masaƙa.

Na mayar da kowanne gidansa. Na tsinto gashin kaza a tsakar gida, na ari man keke wurin maƙwabciya, na shafa. Na ɗana, na ja. Ƙyas. Karan ya bugi rufin kwano ya faɗo a kan tabarma.

Na daɗe zaune a wurin. Laifi biyu, duka nawa, babu hannun mace a ko ɗaya.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, Romi kuma ba nisa. Amma sai na naɗe bindigar a buhu na tura ta can ƙarƙashin gado. Dunƙulen girisin na sa a kwalin ashana, ban san dalili ba, na dai kasa yarwa. Na ce sai zafin rasuwar ya huce. Da ya huce na ce ai magana ta kwanta, tayar da ita zai fi ciwo. Gaskiyar ita ce ina tsoron a ce injiniya ya kasa wanke bindiga, kuma ya yi ƙarya a bakin kabari.

Matata takan dawo daga Mahuta idonta ja. Labarin ya bi Mama har can. Wasu matan sun daina kawo mata ɗinki, wai hannunta yana kashe abu. A zumunta ma akwai masu matsawa in ta zauna. Wata rana matata tana tuƙa tuwo ta juyo ta ce:

"Maigida, kai da kake gyara injin Turawa, ba ka ko buɗe bindigar nan ka gani ba?"

"Na duba," na ce. "Ban ga komai ba."

Ta ci gaba da tuƙinta. Ƙarya ta biyu ta fi ta farko sauƙin fita, kuma wannan ne yake ba ni tsoro yanzu in na tuna.

Na riƙa ƙin zuwa Mahuta, ina fakewa da aiki. Sai da damina ta sake faɗuwa Mama ta aiko cewa kekenta yana tsinka zare, in zo in duba mata. Ba yadda zan yi, muka tafi da matata. Na iske ta rame, baƙaƙen kayan sun koɗe a jikinta. Ɗakin babu taga, keken yana bakin ƙofa don haske. Ta tura matata ta gaida matar gidan. Na buɗe keken, na cire zaren da ya naɗe, na daidaita. Sai ta miƙo mini 'yar butar man.

"Ɗigo ɗaya, ɗana," in ji ta. "Ba irin na bindiga ba."

Hannuna ya tsaya. Na kasa ɗaga kai.

"Mama, kin sani?"

"Tun a gindin mangwaro." Ta zauna a bakin gado. "Wa kake tsammani yake wanke ta tun da hannun Babanku ya fara rawa? Shekara da shekaru. Mukan rufe ƙofa, yana faɗa ina yi. Ya ce Allah ne ya yi hannun mace, amma kada 'yan'uwansa su ji. Ba ta taɓa ƙin tashi ba. Wancan karon ya ce a ba ka, don ka ji kai ma ɗa ne a gidan."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗi me? In na ce na san cikin bindiga, ai na amsa laifin da bakina. In na ce kai ne, 'yata a ɗakin wa take kwana?" Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Ba don wannan na kira ka ba. Keken ne ya dame ni. Taka mu gani."

Na taka, ya yi ɗinki sumul. Ko a nan ban ba ta haƙuri ba. Amma na fita da sanin cewa a gaban jama'a aka ƙwace mata mutuncinta, a gaban jama'a kuma ya kamata a mayar. A hanyar gida na faɗa wa matata komai. Ta tsaya cak da goyo a baya, ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba.

"Tuwona kake ci," ta ce, "kana kallona ina kuka."

Ta daɗe ba ta yi mini magana ba, in ban da abin da ya zama dole.

Da shekara ta zagayo dangi suka sake taruwa a Romi don addu'ar tunawa da cire wa Mama baƙaƙen kaya. Aka kawo ta daga Mahuta kamar baƙuwa, aka shimfiɗa mata tabarma a gefe, a tsakar gidan da ita ta daɓe da hannunta. Bayan fasto ya gama addu'a a bakin kabari, na kwanto buhun daga bayan kekena. Mutane suka ja da baya.

"Me ya dawo da gawar nan kuma?" in ji Baba Ƙarami. "Ba na ce ka kai wa maƙera ba?"

"Baba, ba ta mutu ba. Ni na shaƙe ta."

Na buɗe kwalin ashana na nuna musu. Na faɗi yadda yayansa ya ce in yi da yadda na yi: girisin, da sukurun, da abin da ya ce game da muryarta, da ƙaryar da na yi a daidai inda muke tsaye. Sirrin da ke tsakanin Mama da mijinta kaɗai ban taɓa ba, don ba nawa ba ne. Na ciro harsashin nan mai alamar farce na miƙa masa.

"Wannan a hannunka ya ƙi tashi. Ban kai ta wurin boka ba. Kananzir ne kawai da gashin kaza."

Ya juya harsashin yana duban gindinsa. Maharbi ne, ya san ma'anar alamar, da ya duba a waccan ranar maimakon jefarwa da ya gani. Ya karya bindigar ya leƙa, ya rufe, ya ɗana, ya ja kusa da kunnensa. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya sa harsashin, ya ɗaga sama.

Ƙarar ta tsaga gonar. Tsuntsaye suka tashi daga kan mangwaro, hayaƙi ya kwanta a kan kabarin. Matata da ƙannenta suka fashe da kuka. Baba Ƙarami ya sauke bindigar, ya cire hularsa. Sannan ya sunkuya ya ɗebi ƙasa, ya taka har inda Mama take, ya zuba mata a tafin hannu. "Matar yaya, je ki zuba masa," ya ce. Kafin a gama girbin shekarar ɗansa ya kwashe kayansa, Mama ta koma ɗakinta, kuma a nan ta ƙare kwanakinta. Amma shekarar da na cinye mata ba ta dawo ba, Baba kuma ya tafi babu sallamar da ya roƙa a ranar da ya roƙe ta.

A ranar, da Mama ta zuba ƙasar ta juyo, na cire takalmina, na durƙusa gwiwa biyu a gabanta, kowa yana kallo.

"Mama," na ce, "kin nuna mini man keke na yi miki dariya. An tambaye ni a bakin kabarin mijinki na yi ƙarya, aka riƙe miki hannu ina kallo. Na gane laifina tun da wuri, na tura shi ƙarƙashin gado, ke kina ɗakin da babu taga. Ba ke kika kashe bindigar Baba ba, ni ne. Ba ni da abin da zan mayar miki da shi. Ki yafe mini, Mama."